Idon Baba da Tsuntsayen Tabkin Madarumfa

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, ɗari yana yanka kunne kamar aska. Mu uku ne: ni, da ƙanena da ya aro motar abokinsa, da mahaifinmu, wanda tun jiya yake rantsuwa shi babu inda za shi. Ku da kuka ga hotunan da na sa kuka yi ta tambayata wace ƙasa ce wannan, to ba wata ƙasa ba ce, Madarumfa ce, nan bayan ɗakinmu. Ga yadda tafiyar ta kasance.

Sai na fara da Baba, don shi ne dalilin tafiyar. Shofer na kamiyo ne, wato direban babbar mota, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Maraɗi da Katsina da Damagaram, mutumin da abincinsa yake cikin hangen nesa. Yanar ido ta riƙa rufe masa gani sannu a hankali, har ta kai sai an riƙe masa sanda. Wata Juma'a ya zurma cikin kwata a ƙofar masallaci, gaban jama'a, aka ɗago shi riga duk ta ɓaci. Daga ranar ya daina fita. Bayan damina aka yi masa aiki, likita ya ce idon ya yi kyau ƙwarai. Yana ganin kwanon tuwo, yana ganin fuskokinmu, har ya fara ƙorafin cewa bangon ɗakinsa ya tsage. Amma ƙofar gida ta gagare shi. In an yi magana sai ya ce idon nasa na cikin gida ne, bai yarda da shi a waje ba. Da muka koma wurin likita, sai ya ce mana mu fita da shi inda zai hangi nesa, don a gida daga bango sai bango.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin halittu a kwaleji, kuma bara na kai ɗalibaina tabkin Madarumfa kallon tsuntsayen da ke sauka can lokacin sanyi. Na kuma san Baba haifaffen wani ƙauye ne wajen Gabi, ya sha ba mu labarin gauraka da yake gani bakin tabkin yana saurayi, masu tukku kamar an dasa musu zangarniya a ka. Da gaurakan na yi masa tarko, amma bai kama ba. Mama ce ta gama aikin. Tana ɗaura masa rawani saboda sanyi ta ce, "Bar shi. Ni in tahi, in dawo in ba shi labari, tun da ya saba a gano mishi." Ba ta rufe baki ba ya ce a miƙo masa takalmansa.

A tasha muka tsaya wurin mai ƙosai. Na dala arba'in ya ishe mu, da kunun tsamiya mai zafi da muka riƙe kofunan da hannu biyu, ba don ladabi ba, don ɗumi. Kowa a tashar ya naɗe kamar ƙunshin goro. Wani ɗan kabu-kabu na gani da hula biyu, da safa a hannu maimakon ƙafa.

Muka kama gudoro, hanyar kwalta, muka yi kudu. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuwa sai ka ce kaji sun yi tono. Duk abin da muka gamu da shi Maraɗi ya nufa: amalanken shanu da na jakuna shaƙe da kabeji da tumatir, babura ɗauke da buhunan albasa har ba a ganin mai tuƙin, mata da ƙoren nono a ka suna sauri kafin rana ta fito. Gonaki duk an girbe, sai kututturen gero da rumbuna sababbin jinka. Gawo ne kaɗai ya yi kore shar, shi da ba ya ganye sai kowa ya zubar da nasa, shanu sun taru ƙarƙashinsa suna jiran abin da zai faɗo. Wajen Jiratawa kuwa lambunan zogale ne iyakar ganinka, injinan ban ruwa suna ta tari. Ina ta nuna wa Baba, shi kuwa yana gaba kusa da ƙanena, ya sunkuyar da kai, baƙin tabarau a ido, sanda tsakanin gwiwoyi. Bai kalli ko ɗaya ba. Kunnensa dai yana aiki, don can sai muka ji ya ce, "Kai, wagga mota ba jaki ba ce. Sa mata ta huɗu, kana kashe ma mutane inji."

Rana tana ɓullowa muka shiga Madarumfa. Gari bai gama tashi ba, masu shayi ne kawai da awaki. Muka ratsa muka gangara wajen ruwa, inda manyan kukoki suke tsaye tsirara, babu ganye ko ɗaya. Mutanen garin suna cewa tabkin kewaye yake da kushewun waliyyai, don haka Baba ya ce ba a shiga gidan mutane babu sallama. Muka tsaya muka yi addu'a, sannan na kama hannunsa muka ƙarasa.

Jama'a, tabkin nan da sanyin safiya abin kallo ne. Ruwan yana tururi kamar an sauke tukunya, rana tana zuba masa ja, masunta cikin kwale-kwale sun zama kamar zane. Kafin ka ga tsuntsu za ka ji shi. Fito ne ke tashi ta ko'ina, siriri, kamar yara sun samu usur. Baba ya tsaya cak ya ce, "Kirinjijiya." Da gaskiyarsa, su ne, agwagin ruwan nan masu farar fuska, sun yi dafifi a wani tsibirin laka. Na miƙa masa madubin hangen nesa da na aro a lakwal, wato kwalejinmu. Ya kafa shi a kan tabarau ya ce duhu yake gani. Ya juya shi ta baya ya ce tabkin ya gudu Katsina. Ya mayar mini, ya ce abin Nasara ne, ba ya son tsofaffi.

Sai ya ɗaga kai da kansa, karo na farko tun da muka baro gida. Ya daɗe yana duban ruwa. Can ya miƙa sanda ya ce, "Ga zalɓe can tsaye."

Na duba. Ba zalɓe ba ne. Turke ne da masunta suka kafa, da tsumman koma ya rataye a kansa. Ina neman yadda zan faɗa, ƙanena ya riga ni da dariya. Ba da mugunta ya yi ba, fita kawai ta yi, kuma nan take ya kama bakinsa. Amma an riga an ji. Baba ya sauke sandar a hankali.

"Icce ne ko?"

Na ce, "Icce ne, Baba, amma daga nan kowa zai..."

"Ku maida ni mota."

Wallahi na san halinsa. In ya koma motar nan, ya koma ɗaki ke nan, kuma ba likita ba, ko Mama ba za ta sake fito da shi ba. Na harari ƙanena, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa.

Wata mai suyar kifi ce ta cece mu. Dattijuwa ce, sa'ar Mama, ta hura wuta gindin kuka tana jiran masunta, kuma duk abin da ya faru a kunnenta. Ta ce, "Alhaji, motar ai sanyi gare ta. Zo ka ji ɗumin wuta tukun." Ba a ƙin kiran wuta a irin wannan safiya. Ta ba shi kujerarta, ta jefa karfasa cikin mai, tana juyawa tana magana kamar da kaskon take yi. Ta ce turken nan ya fi kowane tsuntsu farin jini a tabkin. Shekaranjiya ma wani baƙo ya zo da na'urar hoto mai dogon baki kamar turmi, ya kwanta rub da ciki cikin laka, ya yi ta lallaɓawa kada ya tashe shi, sai da ya ɗauki hoto ya ƙoshi sannan aka gaya masa. Ko gaskiya ne ko ta ƙirƙira don Baba, ban tambaya ba. Na dai ga gefen bakinsa ya motsa.

Kifin kuwa ba a magana. Daga ruwa sai kasko, da yaji da ɗanyar albasa da ɗan garin rogo. Abin da za a sayar maka jikka guda a Maraɗi, nan dala ɗari ne, rabin kuɗin ke nan, kuma da ƙari. Baba ya ci biyu, yana cire ƙaya da kansa, ni kuwa na yi kamar ban lura ba.

Muna nan mijinta ya iso da kwale-kwale, dogon tsoho mai farin gemu, wando naɗe har gwiwa. Suka gaisa da Baba, aka bi dangi aka bi ƙauyuka, har aka gano sun taɓa cin kasuwa ɗaya. Baba ya tambaye shi gauraka. Tsohon bai yi masa ƙarya ba, ya ce rabonsa da su an daɗe. Amma in ana son tsuntsu, a ƙetaren can ne, cikin ciyawar ruwa, inda ƙafa ba ta zuwa. Zai kai mu in muna so. Baba ya ce shi da jirgin ruwa sai dai kallo. Tsohon ya ce, "Kai da ka tuƙa kamiyo kake tsoron akushi?" Baba ya miƙe.

Shigarsa jirgin nan sai da aka yi aiki. Tsohon ya danne gefe, na riƙe hannu ɗaya, Baba ya ɗaga ƙafa yana bismilla, jirgin ya yi tangal-tangal, sannan ya zauna daram. Ƙanena, don ya wanke laifinsa, ya ce shi zai tura mu. Ya tura da ƙarfi, jirgi ya tafi, shi bai tafi ba. Laka ta haɗiye shi har cinya, da ya zaro ƙafa sai ta fito ba takalmi. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To, wanga kam na gane shi sarai. Zalɓe ne." Har mai kifi sai da ta saki matsami don dariya. Aka jawo shi cikin jirgi yana ɗigar laka, muka tafi.

Cikin ruwa wata duniya ce. Tsohon yana tura gora a hankali, ba ƙara, tsuntsayen ba su damu da mu ba. Akwai wata mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a tsakar ɗakinta. Akwai wani fari da baƙi mai jajayen ƙafafu sirara kamar tsinken tsintsiya, yana taku yana ɗaga ƙafa kamar mai sabon wando. Wani ƙarami mai dabbare-dabbare ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, ya faɗo ruwa kamar dutse, ya fito da kifi. Balbelu sun yi fari a kan wata bishiya da ruwa ya ci. Dinya guda biyu, agwagin daji manya kamar tumaki, suka wuce mu da girman kai. Zalɓe na gaske ma mun gan shi, Baba ya dube shi ya yi tsaki.

Waɗanda na fi so ya gani suna can tsakiya: ƙananan agwagi masu farin layi bisa ido kamar an ja musu alli, da wasu masu dogon wuya da wutsiya mai tsini. Na ce masa waɗannan baƙi ne. Daga Turai suke, in ƙanƙara ta rufe ruwansu sai su taso, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan. Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Sahara? Wadda ta wuce Agadas?"

Na ce ita.

"Ba esans a tanki, ba takarda, ba shingen duwan a kan iyaka?"

Na ce ko ɗaya.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya tambayi ko suna komawa, na ce zafi na farawa za su juya. Ya ce ashe ƴan ci-rani ne, kamar samarin ƙauyensu da ke tafiya Najeriya bayan girbi su dawo da ruwan farko. Daga nan ya ɗauke su abokan sana'a. Ya yi ta tambaya: da dare suke tafiya ko da rana, wa ke gaba, in ɗaya ya gaji fa? Wasu na amsa, wasu na ce Allah ne masani.

Muna cikin haka ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ƙura ido wajen wata kuka da ke can ƙetare. Sannan a hankali, kamar mai tsoron a ji, ya ce, "Akwai wani abu can, dama da kukar, ƙasa-ƙasa. Shina tahowa."

Na duba ban ga komai ba. Ƙanena ya duba, ya sunkuyar da kai yana kankare laka. Na ɗaga madubi, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ko leda ce iska ta ɗauko. Sama fayau, ba komai.

Baba ya ce, "Ƙila idon ne."

Sai fiton kirinjijiya ya ɗauke ɗif. Na sauke madubin ƙasa kaɗan, daidai kan ciyawa, sai ga shi: shaho ne, mai ruwan ƙasa da farin kai, ya buɗe fiffike yana shawagi dab da ciyawar, yana nufo agwagin. Ban gama cewa "Ga shi!" ba tabkin ya tashi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an girgiza babban bargo, kamar aradu daga cikin ruwa. Agwagi ba iyaka suka tashi lokaci guda, suka rufe rana, suka karkata gaba ɗaya cikinsu ya yi fari, suka sake karkata suka yi baƙi, iskar fikafikansu tana taɓa mana fuska. Shahon ya ratsa ta ƙarƙashinsu bai samu ko gashi ba.

Baba kuwa ya manta a jirgi yake. Ya yunƙura zai miƙe, sanda a sama, yana cewa, "Na riga ku! Wallahi na riga ku ganinai!" Mai jirgin yana ihu yana cewa a zauna, ni na riƙe riga, ƙanena ya riƙe ƙafa, ruwa ya ɗan shigo. Da ya zauna sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce sanyi ne ke sa ido ruwa. Na ce haka ne, Baba, ni ma ya sa nawa.

Gauraka dai ba mu gani ba. A hanyar komowa gaɓa tsohon ya ce da can inda lambunan nan suke duk fadama ce, nan suke rawa da safe. Yanzu ga injina, ga mutane, ga masu tarko. Bai zargi kowa ba, don shi ma yana da ɗan lambunsa a wurin, da shi yake ciyar da gida in kifi ya yi wuya. Baba ya ce Allah ya sa suna wani wuri da ya fi musu. Muka ce amin.

Da hantsi muka zaga lambunan. Tumatir kamar a ba ka kyauta, kabeji kan jariri bai kai shi ba, ga salati, ga karas, ga rake. Muka cika bayan mota. Ƙanena ya sayi silifa a bakin kasuwa, bai samu daidai ƙafarsa ba, ya dawo da ruwan hoda irin na mata. Muka ci dambun zogale da ƙuli-ƙuli a wata rumfa, muka bi da fura mai sanyi duk da ɗarin. Da aka kira azahar Baba da ƙanena suka nufi masallaci, na tsaya daga baya ina kallo. Baba ne a gaba, sanda a hammata, ya zo wurin wata ƴar kwata ya tsaya, ya dube ta da kyau, ya tsallake.

Komowa ba ta yi wa ƙanena daɗi ba. Da safe kunnen Baba kawai yake fama da shi, yanzu an ƙara ido. Ga rami can. Ga jaki zai ƙetare. Wa ya koya maka wuce amalanke a kwana? Duk allon da muka wuce sai ya karanta shi da ƙarfi, har na masu sayar da siminti. Wajen Jiratawa ya ce, "Yaushe aka yi lambuna haka nan?" Na ce da safe ma suna nan.

La'asar sakaliya muka shiga gida. Mama tana tankaɗe ta ce, "To, mi aka gano?" Bai zauna ba. Ya ba ta labarin tun daga mai kifi har shaho, agwagin suna ƙaruwa a kowane zagaye, har ya tattare riga ya nuna mata takun mai jajayen ƙafafu a tsakar gida, jikoki suna bin sa a baya. Labarin turke ne kawai ya tsallake, mu ma ba mu tuna masa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Likita yana gyara ido, sai dai yarda da idon ba a asibiti ake samunta ba, sai mutum ya fita ya yi kuskure a gaban mutane, ya samu wanda zai ba shi kujera kusa da wuta. Na kuma gane muna da abin da wasu ke ƙetare ƙasashe don su gani, mu kuwa kifinsa kawai muka sani. In za ku je, ku je da sassafe kafin zafi ya fara, ku sa rigar sanyi, ku rage murya, kada ku jefi komai, kuma ku ɗauki tsohon gidanku ku tafi da shi. Takalmi kuwa a sa mai igiya.

Da zan tafi gidana Baba ya raka ni har ƙofa, har waje. Ya tambaye ni yaushe na ce baƙin nan za su juya. Na ce da sauran kamar wata biyu. Ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya yadda za a ji.

"To kahin su tahi sai a kai uwarku."

Mama ta amso daga madafa cewa ita ba mai sa ta shiga akushi a kan ruwa da girmanta.

Baba ya ce, "Ke dai shirya. Ni zan riƙe miki hannu."